Amsoshin Tambayoyinku: Zan Iya Ƙera Jitar Lantarki da Hannuna?

Tambaya: Ni matashi ne a Tudun Wada, Gusau, ina koyon kafinta a wajen maigidana. Ina matuƙar son jitar lantarki irin wadda mawaƙan Agadas ke kaɗawa, amma kuɗinta ya fi ƙarfina. Shin zan iya ƙera ta da kaina, tun daga katako har waya? Da me zan fara, kuma ina zan samo kaya?

Amsa: Za ka iya, kuma ba kai ne na farko ba. Mdou Moctar na Jamhuriyar Nijar, wanda yau yake cika zaurukan Turai da Amurka, da hannunsa ya haɗa jitarsa ta farko, wayar birkin keke ce tsirkiyarta. Ibrahim Ag Alhabib na ƙungiyar Tinariwen da gwangwani da sanda da irin wannan waya ya soma. A nan gida ma, kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos gwangwani ne aka rufe da fata, amma ya kai shi duniya. Don haka kada wani ya karya maka gwiwa.

Sai dai ga shawarata tun kafin ka taɓa zarto: a wannan karo na farko, ka ƙera gangar jikin da kanka, amma kada ka sassaƙa wuyan. Nemo wuya gamamme.

Dalili shi ne, a jitar lantarki gangar jiki ba ita ke fitar da amo ba. Katako ne dunƙulalle wanda aikinsa riƙe kaya, ko ka ɗan kauce a siffarsa ba abin da zai ɓaci. Wuya kuwa lissafi ne tsantsa. A jitar Fender, tsawon tsirkiya daga ƙashin da ke saman wuya zuwa jaki, wato ƙarfen da tsirkiya ke hawa a gangar jiki, milimita 648 ne. Ana raba wannan tsawo da 17.817 a sami wurin ƙarfe na farko cikin waɗanda ake gittawa a kan wuya, wato milimita 36.4. Sai a raba abin da ya rage da wannan adadi a sami na biyu, haka har ƙarfe 21 ko 22, kowanne tazararsa ta fi ta wanda ya gabace shi ƙanƙanta. Kuskuren rabin milimita a ƙarfe ɗaya ya isa kunne ya ji sautin ya karkace, kuma ba juyin makullin tsirkiya da zai gyara shi. Ga kuma nauyin ja: tsirkiya shida na jan wuyan da ƙarfin da ya kai kilo 40 zuwa 50, dare da rana. Shi ya sa ake binne sandar ƙarfe a cikinsa, mai noti a kai, wadda ake ɗaurewa ko a sassauta don miƙar da shi. Wannan aikin jita ta biyu ne ko ta uku, bayan hannunka ya faɗa.

To ina za a samo wuyan? Cigiyar matacciyar jita za ka yi. Tambayi masu hayar kayan sauti na biki da makaɗan coci-coci a nan Gusau. Sau da yawa akwai wadda wayarta ta lalace ko jikinta ya tsage, an jingine ta a lungu. Idan ba a dace ba, sai shagunan kayan kiɗa na Sabon Garin Kano, ko ka yi saƙo kasuwar Alaba ta Legas. Irin wuyan da ake ɗaurewa da sukuru huɗu za ka nema. Leo Fender, wanda asalinsa mai gyaran rediyo ne, shi ya yaɗa wannan tsari a 1950 da jitar da daga baya aka sa wa suna Telecaster, don in wuya ya lalace a kwance shi a sa wani. Siffar wannan jita ita nake so ka kwaikwaya, domin shimfiɗaɗɗen katako ne ba lanƙwasa ba tudu. Kafin ka biya kuɗi, ɗaga wuyan ka kai ƙarshensa daidai idonka, ka bi shi da kallo har can. In ya ɗan rusuna gaba, noti zai gyara. In ya murɗe gefe, bar wa mai shi kayansa ko da kyauta ne. Sannan ka juya notin kaɗan ka tabbatar bai cije ba. Galibi tare da wuyan za ka sami makullan tsirkiya da jaki, ka ga ka huta da neman su.

Batun katako, nan ka fi ni ido. Maɗaci ɗan'uwan itacen da kamfanonin waje ke saye daga Afirka ta Yamma ne don wannan aiki, yana da kyau ƙwarai, sai dai yana da ɗan nauyi a kafaɗa. Kauri milimita 44 ko 45 kake buƙata. In ba ka sami faɗin da ya isa ba, haɗa biyu da gam ka matse su kwana guda; manyan kamfanoni ma haka suke yi. Abin da zan ja kunnenka a kai shi ne ɗanyen katako. Wanda aka yanko da damina, in hunturu ya buso zai tsotse ya dare, ramin da ka fafe daidai wa daida ya zama ya yi sako-sako. Tsohon ƙyaure ko tsohon teburi da ya sha rani da damina ya fi sabon da ke wajen 'yan katako. Brian May na ƙungiyar Queen ta Ingila, da shi da mahaifinsa suka fara ƙera tasa a 1963, wuyan daga tsohon katakon bakin murhu suka fitar da shi, kuma da ita ya yi ta kiɗa shekara da shekaru.

Da ka goge katakon, abu na farko shi ne layin tsakiya. Ja shi da fensir daga sama har ƙasa, kuma duk awon da za ka yi daga jikinsa zai tashi. Fara da ramin da wuya zai zauna, zurfin milimita 16, tun katakon yana da kusurwa huɗu, kafin ka yanke siffa. Ramin ya kama wuyan tsam, har in ka ɗaga wuyan ba sukuru jikin ya so biyo shi. Bayan ka ɗaure, kada ka dogara da adadin da na ba ka a sama, domin wuyan da ka samo yana iya zama irin na Gibson mai milimita 628. Auna daga ƙashin sama zuwa ƙarfe na 12, ka ninka biyu: nan jaki zai zauna. Kafin ka huda, ɗaura zare biyu a madadin tsirkiya ta farko da ta shida, ka duba tazararsu da bakin wuya ta zo ɗaya dama da hagu. Wannan ɗan zaren ya ceci katako mai yawa.

Sai wuta. Abin da ke ɗaukar sautin maganaɗisu ne da aka naɗe da wayar tagulla zagaye wajen 8,000. Tsirkiyar ƙarfe na kaɗawa a samansa, sai ɗan ƙaramin lantarki ya taso a cikin naɗin, amfilifaya ta ƙara masa ƙarfi. Ka ga ke nan tsirkiyar roba ba za ta yi magana ba sam. Na san za ka ce ga masu naɗin kwayil na fanka a unguwa, amma wayar wannan aiki siririya ce kamar gashin kai, kaurinta bai wuce milimita 0.063 ba, ta fanka ta yi kauri. Sayi gamamme guda ɗaya. Ɗaya ya wadatar, da maɓallin ƙarar murya mai lamba 250k, da soket ɗin da waya ke shiga. Haɗin bai wuce ɗigon dalma biyar ko shida ba. In ba ka taɓa riƙe ƙarfen dalma ba, kai wa mai gyaran rediyo ka zauna kusa da shi kana kallo. Kada a manta da wayar da ke tashi daga ƙarƙashin jaki zuwa bayan maɓalli, kuma a shimfiɗa takardar alminiyam a cikin ramin wayoyin a haɗa ta da wannan waya, in ba haka ba gurnani zai danne kiɗan.

A nan ina so ka saurare ni da kyau, don magana ce ta rai. Wannan wayar ta jaki tana nufin tsirkiyar da ke hannunka a haɗe take da jikin amfilifaya. Gidajenmu da yawa ba a binne musu wayar ƙasa ba, ga janareto da ake jona shi yadda aka ga dama. Tsohuwar amfilifaya mai yoyon wuta tana iya sako maka lantarkin gida ta cikin tsirkiya, kuma an yi asarar makaɗa ta wannan hanya. Ka fara da ƙarama mai batir. Mai gyaran rediyo zai iya haɗa maka ita da ɗan guntun LM386 da batir mai bolt 9 da lasifikar tsohuwar rediyo.

Kada ka yi fenti sai ka haɗa komai, ka ɗaura tsirkiya, ka ji ta yi magana. Sa manhajar saita sauti a wayarka. Kaɗa tsirkiya a sake, sannan ka danna ta a ƙarfe na 12. Harafi ɗaya ya kamata manhajar ta nuna, allurar na tsakiya. In na dannawar ya haura, ja mazaunin tsirkiyar da ke kan jaki baya da sukudireba; in ya gaza, turo shi gaba. Ka bi su shida ɗaya bayan ɗaya. Daga nan sai ka kwance, ka bi jikin da samfefa daga mai kaushi zuwa mai laushi, ka shafa abin da kake so. In hunturu ya shigo ka ji bakin ƙarafunan wuya na kartar yatsunka, katakon ne ya tsuke. Ka goge su a hankali da ƙaramin magagari, ka duba miƙewar wuyan, in da buƙata ka juya notin kwata ɗaya kawai, ka bar shi ya kwana kafin ka sake taɓawa.