Ƙumba, da Wuri, da Ɓawon da Ya Zama Dutse

Ya kai mai karatu, in kai mutumin Gaya ne ko Ajingi, ka san ƙumbar da yara su ke tsinta a rairayin kogin nan da ya bi ta Wudil ya nufi Ringim. Wannan ba tsohuwa ba ce. Dubi cikinta, tana ƙyalli, ba ta da nauyi, mai ita bai daɗe da mutuwa ba.

Wani lokaci kuma manomi ya kan tono wuri a kufai, gama Gaya tsohon gari ne. Shi wuri baƙo ne. Daga Tekun Indiya fatake suka kawo shi, kakanninmu suka yi ciniki da shi.

Amma akwai iri na uku, shi ne abin mamaki. Kamarsa ɗaya da ƙumba ko katantanwa, har da zane-zanen bayanta, sai dai in ka ɗauka ka ji dutse ne. Ga yadda ya samu. Dabbar ta mutu a ƙarƙashin teku, laka ta rufe ta, wata lakar ta hau bisa, har nauyi da tsawon zamani suka mai da lakar dutse. Sau da yawa ɓawon kansa ya narke, sai lakar da ta cika cikinsa ta rage da siffarsa, kamar yadda tubali ke riƙe sawun hannun magini.

Kada ka wahal da kanka wajen nemansa a gonarka. Ƙasarmu rairayi ce, iska da koguna suka tara, dutsen da ke ƙarƙashi kuwa daga narkakken dutse ya sandare, ba abin da zai bar alama cikinsa. Sai ka tafi ƙasar Sakkwato. Masana sun gane teku ta rufe wajen nan shekara wajen miliyan 60 da suka wuce, miliyan kuwa watau dubu sau dubu. A Kalambaina, inda aka fara yin siminti a 1967, farin dutsen cike ya ke da ɓawon nan, har ana niƙa shi tare da dutsen. Mai yiwuwa daɓen ɗakinka da ragowarsu a ciki!

To, in cin rani ya kai ka can, ka tsinci guda, kada ka ƙwala shi da guduma, ka sassaƙe gefensa a hankali. Kankare gindinsa kaɗan, ka ɗiga lemun tsami. In dutsen farar ƙasa ne za ka ga ƙananan kumfa. Duba ko ɓari biyu ne kamar ƙumba, ko murɗaɗɗe kamar katantanwa. Sa'an nan, tun da yanzu ka iya rubutu, rubuta sunan garin, da ranar, da zurfin ramin, ka ƙunshe takardar tare da shi a tsumma. Na ga mutum ya tara cikin ƙwarya, aka tambaye shi inda ya samo kowanne, ya ce ya manta, masanin ya mayar masa da ƙwaryarsa.