Yadda ake magance ciwon kifin betta mai yawan dawowa

Kifin betta, wanda asalinsa fadamu da gonakin shinkafa na Tailan ne, yana da wata gaɓa da ke ba shi damar shaƙar iska daga saman ruwa. Wannan baiwar ce ta jawo masa wahala, domin da yake ba ya saurin mutuwa a gurɓataccen ruwa, sai a jefa shi cikin ƙaramar kwalba, ba matata ba hita. In fukafukansa da jelarsa suka fara zagwanyewa, aka ba shi magani ya warke, bayan 'yan makonni ciwon ya dawo, to da wuya laifin ya zama na maganin. Ƙwayoyin bakteriya irin su Aeromonas da Pseudomonas kusan kullum suna cikin ruwan, sai kifi ya raunana suke cin galabarsa. Saboda haka ruwan ake fara yi wa magani.

Matakin farko awo ne. Ka nemi kayan gwajin ruwan kifi, ka auna ammoniya da naitirait, dole su tsaya a sifiri, naitireit kuma kada ya wuce 20 a ma'aunin ppm. Mai kifi zai ce ai ruwansa garau yake. Amma ammoniya ba ta da launi, daga kashin kifin da ragowar abinci take fitowa, tana ƙona fatarsa ido bai gani ba. In awon ya nuna ta, ka canza rabin ruwan nan take da sabo mai ɗumi daidai da na ciki, wanda aka ɗiga wa maganin kashe kilorin. Ka ci gaba da canza kashi ɗaya bisa huɗu kowace rana har awon ya daidaita, daga nan sau ɗaya a mako. Tankin kada ya gaza lita 19, ɗuminsa tsakanin digiri 25 da 27. Masu cewa a ƙasarsa ma cikin ɗan ruwa yake zaune sun manta cewa fadama, ko ba zurfi, tana da faɗi da tsirrai masu tsotse ƙazanta.

Sai matatar, inda ciwo mai dawowa ya fi ɓuya. A cikin sosonta bakteriya masu amfani ke zaune, su ke narkar da ammoniya, kuma sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su kafu. Wanke soson da ruwan famfo yana kashe su, wasu magungunan ma haka. Ka ga kenan wanda ke zuba magani a tanki duk lokacin da ciwo ya taso, yana iya kashe masu tsabtace ruwan, ammoniya ta hau, kifin ya sake kwanciya. Ka riƙa ɗauraye soson a tsohon ruwan tankin, magani kuma a ba kifin a wani mazubi daban mai hita.

In zagwanyewar a gefen fukafukai ta tsaya, ruwa mai tsabta da gishirin tankin kifi, ƙaramin cokali ɗaya a lita 4 na kwanakin da ba su wuce 10 ba, sukan wadatar. Akwai mai cewa jiran gyaran ruwa ɓata lokaci ne ga kifin da ke mutuwa, kuma a wuri ɗaya yana da gaskiya: in ka ga fari-fari kamar auduga a bakinsa ko bayansa, wannan alamar cutar columnaris ce, mai iya kisa cikin kwana biyu. Nan sai ka rage ɗumin zuwa digiri 24, tunda zafi ke hanzarta ta, ka fara kanamycin ko nitrofurazone bisa shawarar likitan dabbobi. Erythromycin bai cika tasiri a kan wannan jinsin ƙwayoyin ba. In akwai gawayi a matatar, ka cire shi domin yana shanye magani, ka kuma cika kwanakin da aka rubuta ko da kifin ya murmure.

In ruwa ya daidaita, an kammala magani, amma kifin na ta ramewa ko bayansa ya lanƙwashe, ana zargin ƙwayar Mycobacterium, wadda ba ta jin waɗannan magunguna, tana kuma shiga jikin mutum ta yanka a fata. Ka sa safar hannu, ka ware masa ragarsa da bokitinsa.