Yaran da Suka Ji Ƙarar Bam: Darasi Domin Iyaye da Malamai

Darasinmu na wannan wata ya shafi wani irin rauni wanda ba ya zubar da jini, ba a kuma ɗaure shi da bandeji. Muna roƙon a karanta shi a taron iyaye da na matasa, a kuma tattauna a kai cikin natsuwa.

Ranar Juma'a, 20 ga Janairu 2012, da yamma liƙis, 'yan Boko Haram suka auka wa birnin Kano. Suka tayar da bama-bamai a hedikwatar 'yan sanda ta Bompai, da ofishin 'yan sanda na shiyya ta ɗaya, da ofishin fasfo, da wasu wurare. Hukuma ta ce mutum 185 suka rasu. Aka kafa dokar hana fita dare da rana. Wannan masifa ba ta tsaya a Kano ba, gama da wuya a sami ƙauye a Jigawa wanda ba shi da ɗa a birnin: wani na makaranta, wani na koyon ɗinki ko kanikanci, wani almajiri ne, wani ɗan cirani. A watan Afrilu na 2014 kuwa abin ya iso ƙofar gida, sa'ad da 'yan bindiga suka shiga garin Gwaram cikin dare, suka kai hari ofishin 'yan sanda da kotu da banki, suka kashe 'yan sanda da dama. A cikin wannan wata ne aka sace 'yan mata 276 daga makarantar Chibok.

Bari mu ɗauki misali. A ce yaro ne ɗan shekara 15 daga Kwandiko, an kai shi Kano wurin kawunsa domin karatu. Ran nan an aike shi kasuwa, sai ƙasa ta girgiza, hayaƙi ya turnuƙe, ya ga manya suna gudu ba wanda ya waiwayi wani. Ya kwana a shagon mutanen da bai sani ba. Ko ƙwarzane bai samu ba. Da ya dawo gida aka taru aka yi masa barka da arziki, aka gode wa Allah, magana ta ƙare ke nan a wurin iyayensa.

A wurin yaron kuwa ba ta ƙare ba. Idan taya ta fashe a kan hanyar Birnin Kudu, sai ya sami kansa a ƙasa kafin ya san abin da ya faru. Barci ya ƙaurace masa, in ya samu kuma sai mugun mafarki. Wanda dā yake na gaba a aji ya koma kallon taga. Ya daina zuwa kasuwa ran da take ci, ya zama mai saurin fushi, har ƙannensa suna shakkarsa. Uba ya ce lalaci ne, malami ya ɗauko bulala, gwaggo ta ce iska ce ko sammu.

Likitoci sun daɗe da sanin wannan hali. Sa'ad da mutum ya ga mutuwa ido da ido, jiki yakan ɗaura ɗamarar gudu ko faɗa: zuciya ta riƙa bugawa da sauri, kunne ya buɗe, barci ya gudu. Ga yawancin mutane wannan yakan lafa cikin 'yan makonni. Ga waɗansu kuwa jikin yakan ƙi yarda cewa haɗarin ya wuce. In alamun sun zarce wata guda, suna kuma hana karatu ko aiki, to, ciwo ne, ana kuwa warkewa daga gare shi. Matashi ya fi shiga hatsari domin yana tsakiya. Ya wuce a goye shi a lallashe shi, bai kuma kai ya zauna cikin manya ya faɗi ra'ayinsa ba. A shekarun nan ne yake yanke wa kansa shawara ko duniya wurin amana ce, ko maƙwabci abin dogara ne.

Ba sai yaro ya kasance a wurin ba. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 a Amurka, an bincika ɗaliban makarantun birnin New York fiye da 8,000 watanni shida da aukuwar abin. Aka tarar kusan ɗaya cikin goma na ɗauke da alamun wannan ciwo, har da waɗanda makarantunsu ke nesa da wurin. Waɗanda wani nasu ya shiga haɗarin sun fi jin jiki. Ku tuna da yarinyar da ta kwana uku a ƙauye tana jiran labarin wanta da ke Kano, ba wanda ya ce mata uffan domin wai yarinya ce.

A nan ne tarbiyyarmu mai kyau takan yi mana cikas. Mun koya wa yaro kunya da kawaici, mun koya masa cewa namiji ba ya kuka, kuma da zarar ya buɗe baki sai mu ce, "Yi haƙuri, ya wuce." Haƙuri abu ne mai daraja, ba mai musun haka. Amma sau da yawa muna furta kalmar ne domin mu kanmu ba ma son jin labarin. Abokan Ayuba sun zauna tare da shi kwana bakwai ba su ce kome ba, a ganina kuwa wannan shi ne mafi alherin abin da suka yi masa. Da suka fara wa'azi ne suka ɓata.

Saboda haka aikin farko shi ne saurare. Kada a matsa wa yaro ya ba da labari a gaban jama'a. Uwa za ta iya jawo maganar a bakin murhu, uba a hanyar gona, inda ba sai an haɗa ido ba. In ya yi tambaya, a gaya masa gaskiya daidai da shekarunsa. A mayar da shi ga abin da ya saba: makaranta, ƙwallo, kiwo, cin abinci tare. A hana shi maimaita kallon hotunan gawawwaki a waya. Idan ya fara shan ƙwaya ko maganin tari domin ya sami barci, ko ya ambaci kashe kansa ko da cikin wasa, kada a jira. A kai shi asibiti. Akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu, akwai kuma asibitin masu taɓin hankali a Dawanau. Zuwa can ba abin kunya ba ne, ba kuma ƙarancin bangaskiya ba ne.

Akwai wani tabo kuma wanda ya fi wuyar gani, wato ƙiyayya. Yaron da ya ji an kai hari kan masu sujada a Jami'ar Bayero ran 29 ga Afrilu 2012, ko a cocin St. Charles da ke Sabon Gari ran 27 ga Yuli 2014, zai iya girma yana ɗora laifin a kan kowane Musulmi. Wajibi ne a gaya masa sauran labarin: ran 28 ga Nuwamba 2014 aka kashe masallata fiye da ɗari a babban masallacin Juma'a na Kano. A watan Disamba na wannan shekara kuma aka tura wata yarinya 'yar shekara 13 kasuwar Kantin Kwari da bam a jikinta, ta ƙi tayar da shi. Ita ma tsararsu ce.

Waɗanda suke 'yan shekara 15 a 2012 yanzu sun zama magidanta da matan aure, waɗansu suna koyarwa a makarantunmu. Har yau akwai cikinsu wanda ba ya zama sai kusa da ƙofa, akwai wadda ba ta barin ɗanta ya je gidan maƙwabta. A taronku na gaba, kafin a shiga maganar yaran yanzu, shugaba ya fara tambayar waɗannan inda kowannensu yake a yammacin wannan Juma'a, ya kuma ba su lokaci su amsa.