Maganin Sankarar Ƙoda da Raunin Tayirod

A shekarar 2006 Amurka ta amince da sunitinib domin sankarar ƙoda wadda ta bazu. Aikinsa shi ne hana tsirowar jijiyoyin jini masu ciyar da ƙarin. Sai dai tayirod, wato halittar gaban wuya wadda kumburinta ake kira maƙoƙo, ita ma da ɗimbin ƙananan jijiyoyi take rayuwa. Maganin kan raunana ta, sinadarinta ya ragu, majinyaci ya riƙa jin kasala da sanyi da taurin bayan gida. Abin takaici, akan ɗora wannan kasala a kan sankarar kanta. Gwajin jini na TSH ke bambancewa. In an tabbatar, akan ba da ƙwayar lebotairoksin kullum, galibi ba tare da dakatar da maganin sankarar ba.