Darasi a kan haraji da talla ga masu sana'ar hannu da ke ciniki ta waya

Darasin wannan mako na iyalinmu ne da ke cikin gida, masu ɗinkin hula da saƙar faifai da tabarma da zanen gado da kayan jarirai, da kuma samari masu dukanci, waɗanda yanzu suka mai da waya rumfarsu. Wanda ya karanta ya daure ya shiga gida ya karanta musu, domin tun da aka fara maganar sabon haraji tsoro ya kama mutane, har wasu sun daina sa hoton kayansu, wasu kuma sun ce ba sa karɓar kuɗi ta banki sai hannu da hannu. Wannan kashe kasuwa ne ba gaira ba dalili.

Ku sani, a ranar 26 ga Yuni 2025 Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji guda 4, kuma dokar da ta ƙayyade abin da za a biya ta fara aiki ran 1 ga Janairu 2026. Manyanmu suna tuna harajin kai da jangali, waɗanda gwamnatocin Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke a 1979. Wancan kan mutum ake ƙirgawa da kan saniya, ko an samu ko ba a samu ba. Na yanzu samu ake ƙirgawa. Naira 800,000 na farko da mutum ya samu a shekara babu ko kwabo a kansu. Miliyan 2 da dubu 200 da ke biye ana cire 15 cikin ɗari, miliyan 9 na gaba da su 18 cikin ɗari, haka yake hawa har 25 cikin ɗari ga abin da ya haura miliyan 50. Mai sana'a shi kaɗai kuwa hukumar tara kuɗin shiga ta jihar da yake zaune yake biya wa, kuma ana kai bayanin shekarar da ta wuce kafin ƙarshen watan Maris.

To, mene ne samu? Nan ne mutane suke ruɗewa. Duk wanda ya taɓa awo ya san kuɗin buhu daban, abin da ya rage bayan an fitar da uwar kuɗi da na mota da na 'yan dako da la'adar dillali daban. Wannan ragowar ita ce riba, kuma ita ake bi.

Ga misali. A ce uwargida tana sayar da hula 10 a wata, kowace naira 25,000. A shekara naira miliyan 3 ke nan suka shiga asusunta. Amma ta sayi yadi da zare, ta biya mai zane, ta biya 'yan matan da suka taya ta ɗinki, ta biya mai wankin hula, da kuɗin aikawa tasha, da data, da kuɗin talla. A ce duka sun tashi miliyan 1 da dubu 900. Ribarta miliyan 1 da dubu 100. A ware 800,000 ɗin da ba a taɓawa, saura 300,000. Kashi 15 cikin ɗari nasu naira 45,000, a shekara fa, ba a wata ba, watau bai kai kuɗin hula biyu ba. Yanzu a juya lissafin. In ba ta rubuta kome ba, doka ta ba ma'aikacin haraji damar ya yi ƙiyasi da kansa. Shi kuwa abin da idonsa zai gani shi ne miliyan 3 da suka shiga. Da za a ɗauke su duka a matsayin samu, abin da zai hau kanta naira 330,000 ne. Tsakanin 45,000 da 330,000 babu kome sai littafi ɗan ƙarami da alƙalami.

Saboda haka, ke uwargida, samu littafi ki raba shafi biyu, dama abin da ya shiga, hagu abin da ya fita, kowane da ranarsa da sunan kayan. Wadda ba ta yi boko ba ta rubuta da ajami, 'ya'ya sa juya mata in buƙata ta taso. Rasit ɗin zare kada a ƙulle gyaɗa da shi. Doka ta ce a ajiye irin waɗannan takardu shekara 6. Sa'an nan abin da na fi so ku riƙe: a raba asusun sana'a da na gida. Kuɗin cefane da maigida ya turo, da zubin adashi, da gudummawar biki, da bashin da ƙanwa ta biya, duk ba samu ba ne, babu haraji a kansu, amma in sun cakuɗe da kuɗin hula a asusu ɗaya, ke ce za ki sha wahalar tsince su ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Wanda kuma yake da albashi yana sana'a a gefe, a haɗe ake lissafa masa, 800,000 ɗin nan sau ɗaya ake ba shi. Zakka dai ta san gidanta, lissafinta daban, biyan wannan ba ya sauke waccan.

Mu zo ga talla. Wadda ta sa hoton kayanta a Facebook ko Instagram ko TikTok, da farashi da lambar asusu a ƙasa, ta buɗe rumfa a bakin hanya, kowa yana gani, har da ma'aikacin haraji. Wannan ba abin gudu ba ne, wanda bai baje kaya ba ai ba ya ciniki. Sai dai harshen talla yana iya zama shaida a kan mai shi. Na ga yara suna rubuta cewa kaya sun ƙare kaf, an kwashe ɗari biyar a mako guda, alhali ko ashirin ba su fita ba, wai don a ga kasuwa tana tafiya. Ran da aka buɗe littafinka aka ga ashirin, shafinka kuma yana cewa ɗari biyar, wanne za ka ƙaryata? Mu a kasuwar hatsi mun san mai cika baki da yawan buhuna shi masu karɓar kuɗin kasuwa suke fara tsayawa a kansa.

Haka nan hoto. A sa hoton hular hannu a aika ta inji, ko a ɗauko hoton aikin wata a ce naki ne, wannan algus ne, daidai yake da zuba tsohuwar masara a ƙasan buhu a rufe da sabuwa. Hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, tana karɓar ƙara a kan tallan yaudara. Akwai kuma hukumar kula da talla, ARCON, wadda dokar 2022 ta kafa a madadin APCON, ta kuwa ce ikonta ya kai har tallan intanet. Masu turaren wuta da humra da sabulu da man shafawa da dambun nama, ku naku ya ƙaru da rajistar NAFDAC, kuma ku kame bakinku daga cewa kayanku suna maganin cuta kaza.

Wadda take biyan kuɗi don a yaɗa mata talla a Facebook ta lura, tun Janairun 2022 kamfanin yake ɗora harajin VAT na 7.5 cikin ɗari a kan tallan masu biya daga Nijeriya. Ta ajiye shaidar biyan, domin kuɗin talla yana cikin abin da ake cirewa kafin a fitar da riba. Ita kanta kuwa kada ta ɗora wa masu saye VAT. Dokar kuɗi ta 2019 ta ɗauke wannan nauyi daga wanda cinikinsa bai kai miliyan 25 a shekara ba, sabuwar doka ma ta bar ƙananan 'yan kasuwa a waje. Naira 50 da ake cirewa in an tura 10,000 ko fiye ba harajin riba ba ne, kuma daga Janairun 2026 mai turawa ne yake biya.

Batun suna gajere ne. Mai ciniki da sunanta na yanka ba dole ta yi rajista ba. Wadda ta laƙaba wa sana'arta wani suna dabam, dokar kamfanoni ta 2020 ta ce ta yi masa rajista a hukumar CAC cikin kwana 28 da fara aiki da shi. Lambar haraji kuma ba sai an biya ɗan tsakiya ba, lambar katin ɗan ƙasa, NIN, ita aka ɗaura wa mutum a kai.

In takarda ta zo daga ofishin haraji da adadin da kuke ganin ya wuce ƙima, kada a cusa ta ƙarƙashin katifa. Kwana 30 doka ta bayar a rubuta ƙin yarda, a haɗa da lissafin da ke littafi, a kai, a karɓi shaidar an kai. In kwanakin suka wuce shiru, adadin ya zauna. Wanda kuma ya buga waya ya ce shi ma'aikaci ne, a tura kuɗi asusunsa na kansa ya kashe maganar, a ce masa ya kawo takarda mai hatimi, biya kuwa sai a asusun gwamnatin jiha, da rasit. Wasalam.