Ma'ana da Fassarar Kalmar "Hypnosis"

1.0 Gabatarwa

Daga cikin matsalolin da mai fassara kan ci karo da su akwai kalmomin da asalinsu ke nuni ga wata ma'ana, alhali kuwa masu harshen suna amfani da su da wata ma'ana daban. Kalmar Ingilishi "hypnosis" tana cikin irin waɗannan kalmomi. A wannan darasi za a dubi asalinta da ma'anarta da rassanta, sannan a nuna hanyar da ta fi dacewa a bi wajen mayar da ita cikin Hausa.

2.0 Asalin Kalmar

Saiwar kalmar ta fito ne daga "hypnos" ta harshen Girkanci, wadda ke nufin barci. A camfin Girkawan dauri ma sunan gunkin barci ke nan. Amma yanayin da kalmar ke bayyanawa ya shahara a Turai tun kafin a laƙaba masa wannan suna. Wani likita Bajamushe mai suna Franz Mesmer, wanda ya koma birnin Faris a 1778, ya riya cewa akwai wani ƙarfi irin na maganaɗisu da ke gudana a jikin ɗan Adam, kuma da shi yake warkar da marasa lafiya. A 1784 Sarki Luwis na 16 ya kafa kwamitin bincike, wanda Benjamin Franklin yana cikinsa. Kwamitin ya gano cewa babu wani maganaɗisu, tunanin majiyyatan ne ke aiki. Daga sunan wannan likita aka sami aikatau "mesmerise".

A 1841 wani likitan tiyata ɗan Sikotilan, James Braid, ya kalli irin wannan wasa a Manchesta, ya shiga nazarinsa, har ya wallafa littafi a kai a 1843. Ta hanyarsa ne kalmomin da ke da saiwar "hypno-" suka bazu a Ingilishi. Daga baya ya fahimci cewa yanayin ba barci ba ne, ya nemi sauya sunan, amma ina, bakin alƙalami ya riga ya bushe.

3.0 Ma'ana da Rassa

A ilimin halayyar ɗan Adam, kalmar tana nufin yanayin da mutum kan tattara hankalinsa kacokan a kan abu guda, ya rage kula da abin da ke kewaye da shi, ya kuma zama mai saurin karɓar abin da aka shawarce shi. Yana ji, yana iya amsawa. Awon motsin ƙwaƙwalwa ya nuna cewa yanayin ya fi kusa da farke bisa ga barci. Likitoci kan yi amfani da shi wajen rage zogi da fargaba.

Ta hanyar ɗafa-ƙeya an samar da "hypnotise", aikatau mai nufin sanya mutum cikin yanayin, da "hypnotist", wato mai yin aikin, da kuma "hypnotic". Wannan ta ƙarshe fuska biyu gare ta. A matsayin sifa tana bayyana abu mai ɗauke hankali, kamar kiɗa ko murya. A matsayin suna kuwa, a fagen haɗa magunguna, tana nufin maganin sa barci. A nan kaɗai ma'anar asali ta tsira.

4.0 Matsalar Fassara

Hausa tana da kalmomi da dama da ke maƙwabtaka da wannan ma'ana, amma babu wadda ta yi daidai da ita. Barci da gyangyaɗi da magagi duk sun shafi gushewar farke. Suma tana nufin fita hayyaci gaba ɗaya. Hawan iska a bori ya ta'allaƙa ne ga imani da iskoki, rufa-ido kuma yaudarar mai kallo ce. Sihiri da sammu suna ɗauke da hukuncin addini da na al'ada wanda babu shi a kalmar Ingilishin.

Illar kuskure a nan ba ƙarama ba ce. Idan aka fassara bayanin asibiti aka ce likita ya yi wa majiyyaci sihiri, an ɓata wa likita suna, an kuma tsorata jama'a. Saboda haka fassarar bayani ita ce mafita, gwargwadon muhallin da kalmar ta fito:

(a) A fagen likitanci: sanya mutum cikin yanayin tattara hankali.
(b) A fagen magunguna: maganin sa barci.
(c) A adon harshe: "Muryarsa ta ɗauke mata hankali," ko "Kiɗan ya shagalar da su."

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, an ga cewa asalin kalma ba shi ne ma'anarta ta yau ba. Wajibi ne malami ya horar da ɗalibansa su riƙa duba muhallin kalma kafin su zaɓi takwararta, domin ƙamus kan jero ma'anoni ne kawai, jimla ce ke tantance wadda ake nufi.

6.0 Auna Fahimta

1. Bayyana dalilin da ya sa ba za a fassara "hypnosis" da barci ba.
2. Bambance tsakanin suma da magagi da gyangyaɗi, tare da misalai cikin jimloli.
3. Kawo kalmomin aro uku na Hausa waɗanda ma'anarsu ta kauce wa ta asali.