Hasken Ɗakin Ɗaukar Hoto a Gida

Mai koyon ɗaukar hoto a Gagarawa zai fi samun sauƙi idan ya fara da hasken taga, domin kyauta ne, farin yadi da aka rataya a tagar kuwa yana tausasa zafin ranar yankin har inuwar ƙarƙashin ido ta ragu. Da dare, fitilar LED mai caji, irin wadda ake sayarwa a kasuwannin Gumel da Maigatari, ta wadatar, muddin an zaɓi mai kelbin 5500, wato ma'aunin launin haske da ya yi kusa da na rana, kuma ba a gwama ta da ƙwai mai ruwan ɗorawa ba, saboda gamin yana ɓata launin fata. Farin kwali a ɗaya gefen fuskar yana maido da hasken, ya maye gurbin fitila ta biyu.